Kafin A Hura Tanderun Ajaokuta, A Hura Na Makaranta

Baƙin ƙarfe tsantsa ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Salshiyas. Tanderun yumɓu da ake hurawa da gawayi da zuga-zugin fata ba ya kaiwa nan. In ya yi ƙoƙari, ya tsaya wajen 1,200 ko ya ɗan haura. Duk da haka mutanen Taruga, kusa da Abuja ta yau, sun fitar da ƙarfe daga dutse fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a shekarun 1960 Bernard Fagg ya tono ragowar tanderunsu har 13. A gindin Dutsen Dala ma an sami shaidar cewa ana sarrafa tama tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. To yaya aka yi suka sami ƙarfe da wutar da ba ta isa ta narkar da shi ba?

Amsar tana cikin wasu darussa biyu da ɗaliban injiniyancin ƙarafa suka fi jin tsoro a jami'o'inmu: ilimin zafi da makamashi, wanda ake kira tamodainamik, da abokin tafiyarsa kainetik, ilimin saurin sauyi. Ɗalibi yakan haddace lissafinsu da daddare, ya juye a takardar jarrabawa da safe, ya fito yana hamdala ya rabu da ƙaya. Ni kuwa a ganina duk sauran karatun wannan sashe a kan su biyun ya dogara. Ina kuma ganin yadda muke koyar da su, a kan allo kaɗai, nesa da wuta, yana cikin dalilan da suka sa ƙasar da Allah ya hore wa tama da kwal da iskar gas take sayo ƙarfe daga ƙetare.

In aka tace darussan nan, tambayoyi biyu ne. Ta farko: wannan sauyin da ake so, zai yiwu kuwa a wannan zafi da wannan matsi? Ta biyu: in zai yiwu, cikin wane lokaci, kuma ta wace hanya? Ta farkon kamar hukuncin alƙali ce, ya ce gonar ta wane ce. Ta biyun ita ce ranar da mai gonar zai karɓi abarsa, wadda kan iya zama gobe, kan iya zama sai jikokinsa. Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale a Amurka shi ne ya tsara yadda ake yanke wancan hukunci, a shekarun 1870. Ya nuna akwai wani adadi na makamashi da ake iya lissafawa ga kowane sauyi. Idan adadin zai ragu, sauyin yana iya faruwa da kansa, idan zai ƙaru, sai an biya da wuta ko lantarki. Da wannan lissafi mun san cewa kowace ƙofar ƙarfe da kowace fartanya makomarsu tsatsa ce, domin ƙarfe ya fi samun natsuwa a haɗe da iskar oksijin, kamar yadda yake a cikin tama. Mun san kuma lu'ulu'u, a zafin ɗaki, makomarsa ya koma irin baƙin da ke cikin fensir. Fartanya takan yi tsatsa a damina ɗaya, lu'ulu'u kuwa zai shafe miliyoyin shekaru bai motsa ba. Hukuncin iri ɗaya ne, saurin ne ya bambanta.

A 1944 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Harold Ellingham, ya tattara lissafin Gibbs na ƙarafa daban-daban a zane guda. Da ni ke da iko, da zanen nan yana manne a bangon kowane aji da ake koyar da ƙarafa. Kowane ƙarfe yana da layinsa, kuma layin yana nuna yadda ya ƙanƙame oksijin. Na jan ƙarfe yana can sama, riƙonsa sako-sako ne. Na baƙin ƙarfe yana tsakiya. Na alminiyam yana can ƙasa, ya riƙe gam. Dukansu suna hawa yayin da zafi ke ƙaruwa, wato riƙonsu yana sassautawa. Sai layi ɗaya da ya saɓa wa saura, na kabon, sinadarin gawayi: shi gangarowa yake yi, ƙara zafi ƙara masa kwaɗayin oksijin. Duk inda layin kabon ya ratsa na wani ƙarfe ya koma ƙasa da shi, daga wannan zafin gawayi zai iya ƙwace oksijin daga tamar wannan ƙarfen.

Ga baƙin ƙarfe, mahaɗar tana wajen digiri 700. Nan asirin Taruga da Dala yake. Ba su bukaci narkar da ƙarfen ba. Iskar da ke tashi daga gawayi mai ci tana ratsa tama, tana zare mata oksijin tun tana daskare. Abin da ke narkewa a wajen digiri 1,200 shi ne dattin dutsen, kashin da ke tsiyayewa ƙasa, ya bar dunƙulen ƙarfe mai ramuka-ramuka wanda maƙeri zai ɗora a uwar maƙera ya yi ta duka da masaba har ya matse sauran kashin. Waɗancan mutane ba su ga zanen Ellingham ba, amma sun san yawan gawayin da za a zuba a kan tama, sun san irin itacen da gawayinsa ke riƙe wuta, shi ya sa har yau maƙera ke neman gawayin ƙirya. Sani ne da aka tara da gwaji da hasara, daga kaka zuwa jika. Abin da zanen ya ƙara shi ne ba wa mutum damar sanin amsa kafin ya ƙona ko buhu ɗaya.

Zanen ne kuma ke gaya mana dalilin da ya sa kakanninmu suka ƙera baƙin ƙarfe da tagulla amma ba su san alminiyam ba, alhali ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa. Layin kabon ba ya cim ma nasa sai wajen digiri 2,000. Sai a 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a wurinsa, suka gano yadda za a raba shi da oksijin ta hanyar lantarki, kuma har yau kilo ɗaya yana cin kilowat-awa 13 zuwa 15. Saboda haka masana'antar alminiyam ta Ikot Abasi a Akwa Ibom sai da aka gina mata tashar wutarta. Mai ƙera tukwane a Panteka ta Kaduna kuwa, da ke narkar da gwangwanaye da tsofaffin kayan injin a digiri 660, yana cin moriyar wutar da wani ya riga ya biya. Sake narkarwa ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na makamashin farko. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya fahimci tattalin arzikin wata masana'anta gaba ɗaya daga layuka biyu.

Amma tamodainamik ba ya ƙera wuƙa. A nan kainetik ke karɓar aiki, kuma babu inda ya fi bayyana kamar maƙera.

Duba abin da maƙeri ke yi da guntun sifirin na mota in zai yi adda ko gatari. Ya sa shi a wuta har ya yi ja, ya buge shi ya fitar da siffa, ya mayar wuta, sannan ya tsoma shi a ruwa ko baƙin mai farat ɗaya. Ya ba shi ruwa ke nan. Me ya faru a ciki? Sama da digiri 727, ƙwayoyin zarrar ƙarfe suna sake jeri zuwa wani tsari mai faɗin gurabe, wanda ke iya shanye kabon har kusan kashi 2 cikin 100. Tsarin da ƙarfe ke komawa in ya huce kuwa, da ƙyar yake ɗaukar kashi 0.02. Idan aka bar ƙarfen ya huce a hankali cikin toka, kabon yana da sukunin fita ya taru a wurarensa, ƙarfen ya fito da laushi, zarto ya ci shi. Wannan ce makomar da lissafin Gibbs ya nuna. Idan aka tsoma shi a ruwa, an hana kabon lokacin tafiya. Sai ya maƙale inda yake, jerin ƙwayoyin ya murɗe, a sami wani tsari mai tsananin tauri da ake kira matensait, don tunawa da Bajamushen masani Adolf Martens. Taurinsa ya kai ya karce gilashi, amma in ya faɗi a kan dutse yana iya tsagewa. Shi ya sa gwanin maƙeri ba ya tsayawa nan. Yakan goge bakin addar ya sake ɗumama ta kaɗan, idonsa a kan launin da ke tafiya a jikin ƙarfen: ruwan ɗorawa mai haske wajen digiri 220, shuɗi wajen 300. Inda ya tsayar, nan ya zaɓi rabon tauri da juriya. Aska tana son na farko, abin da zai sha duka yana son na biyu.

Ƙarfe ɗaya, kabon ɗaya, zafi ɗaya, amma daƙiƙu kaɗan sun raba adda mai kaifi da wadda za ta lanƙwashe a kan kututture. A 1930 wasu masana biyu a Amurka, Davenport da Bain, suka zana wannan tsere tsakanin zafi da lokaci a takarda, kuma da irin zanensu ake tsara ban-ruwan kowace giya da kowace ƙusar injin da ke cikin motar da kake hawa. Wannan ilimin kuma shi ke bayyana abin da kowane yaron maƙera ya sani, cewa sifirin yana shan ruwa ya yi tauri amma ƙusa ta gama-gari ko an tsoma ta sau goma ba ta yi: sifirin yana da kabon wajen kashi 0.6, ƙusa ba ta da isasshe.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka Svante Arrhenius ɗan Suwidin ya rubuta ta a 1889. Kafin ƙwayar zarra ta bar gurbinta sai ta tsallake wani shinge na makamashi, kuma adadin masu iya tsallakewa yana ninkuwa ne da ƙaruwar zafi, ba ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba. A sauye-sauye da yawa na kusa da zafin ɗaki, ƙarin digiri 10 kacal yana ninka saurin sau biyu. Wani lokacin kuma jinkirin ne ke da amfani. A 1906 Alfred Wilm, a wani ɗakin gwaji kusa da Balin, ya ba wa haɗin alminiyam da ɗan jan ƙarfe ruwa yana fatan ya taurare kamar baƙin ƙarfe. Bai taurare ba. Aka bar samfurin aka tafi hutun ƙarshen mako, da aka dawo aka sake aunawa sai ga shi ya yi tauri shi kaɗai a kan teburi. Ƙwayoyin jan ƙarfen ne ke rarrafawa a hankali suna taruwa ƙanana-ƙanana. Ba a fahimci dalilin ba sai 1919, amma da wannan haɗin aka gina jiragen sama na ƙarni na 20.

Labarin da na fi so ɗalibanmu su sani shi ne na fosfaras, domin labarinmu ne. A 1856 Henry Bessemer ya sanar a Ingila cewa in aka hura iska cikin narkakken ƙarfe, kabon da sauran datti za su ƙone cikin mintuna, a sami ƙarfe mai inganci da arha. Masu masana'antu suka biya kuɗi suka sayi izini, sai ƙarfensu ya riƙa fitowa yana karyewa. Bessemer ya yi gwajinsa ne da ƙarfen da ba shi da fosfaras sosai, su kuwa tamarsu cike take da shi. Aka shekara 22 ana fama. Wanda ya warware matsalar, Sidney Gilchrist Thomas, akawun kotu ne a Landan da ke karatun sinadarai da dare, tare da ɗan'uwansa Percy Gilchrist da ke aiki a wata masana'anta a Wales. A 1878 suka nuna cewa fosfaras yana ƙonewa, amma bangon tanderu mai yashi ba ya riƙe shi, sai ya koma cikin ƙarfen. A sauya bangon zuwa dutse mai sinadarin farar ƙasa, a ƙara zuba farar ƙasa a ciki, sai kashin ya kama fosfaras ya riƙe. Da wannan sauyin tamar yankin Loren, wadda a da ba ta da daraja, ta ciyar da masana'antun Jamus da Faransa da Beljiyam, kashin kuma aka niƙa shi aka sayar wa manoma takin zamani.

Yanzu a dubo gida. A Agbaja, kusa da Lokoja, akwai tama mai ɗimbin yawa, kuma babban aibinta fosfaras ne. Ta Itakpe ba ta da wannan matsalar sosai, amma ƙarfen da ke cikinta bai kai kashi 40 cikin 100 ba, sai an niƙa an tace ya haura 60 kafin tanderu ya karɓa. Kwal ɗin Inugu ba ya dunƙulewa ya zama irin gawayin kwal mai ƙarfi da babban tanderu ke bukata, wanda zai ɗauki nauyin tan-tan na tama a kansa kuma ya bar iska ta ratsa. Na Obi da Lafiya a Nasarawa yana dunƙulewa, sai dai tokarsa da farar wutarsa sun yi yawa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambaya ce ta tamodainamik da kainetik: wane kashi zai kama wannan datti, a wane zafi, cikin minti nawa, da wane farashi. Baƙon da ya zo da injinsa ya tsara shi ne a kan tamar ƙasarsa. Babu wanda zai zauna ya shekara goma a kan tamar Agbaja sai wanda Agbaja ta dama.

An sa hannu da Tarayyar Sobiyat a kan ginin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, da nufin fitar da tan miliyan 1.3 a shekara a matakin farko. Har yau ba a taɓa hura babban tanderunta ba. Ba na cewa rashin ilimin zafi ne ya tsayar da ita. Kuɗi da siyasa da rigingimun kwangila sun fi kowa laifi, kuma an horar da injiniyoyi masu yawa dominta, wasu a Sobiyat ɗin, da dama sun tsufa suna jira. Abin da nake cewa shi ne, irin wannan tanderu in aka hura shi ba a kashe shi sai bayan shekaru, kuma in lissafin zafi ya kuskure kayan ciki suka daskare, gyaransa aiki ne na watanni. Duk ranar da aka ce za a hura, ana bukatar mutanen da za su dubi launin kashi da awon iskar da ke fita su san abin da ke faruwa a cikin da ba wanda ke gani. Waɗancan tsofaffin suna ƙarewa. Su wa muka tanada?

Ga kuma wata dama da ke tahowa. Masana'antar Aladja da aka buɗe a 1982 an gina ta ne a kan zare oksijin daga tama da iskar gas ba tare da narkarwa ba, wato dabarar Taruga a babban sikeli. Duniya tana komawa wannan hanya, domin ƙera ƙarfe na fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na hayaƙin kabon da ɗan'adam ke saki. A 2021 Suwidin ta fitar da ƙarfen farko da aka sarrafa da iskar haidurojin maimakon kwal. Ƙasar da ke da gas da rana amma ba ta da kwal mai kyau, wannan sauyin ya zo mata daidai, in tana da masu lissafin.

Wani zai ce duk wannan na nesa ne. To ga na kusa: rodin da ke cikin ginshiƙin gidanka. Mafi yawan wanda ake yi a ƙasar nan daga kayan 'yan gwangwan ake narkar da shi. Sana'a ce mai amfani, ba na ƙyamarta. Amma cikin tarkacen akwai wayoyi da ƙananan injuna masu jan ƙarfe, kuma zanen Ellingham ya riga ya faɗa mana cewa jan ƙarfe ba ya fita ta hanyar ƙonawa, domin baƙin ƙarfen zai riga shi ƙonewa. Abin da ya shiga tukunya ya shiga ke nan, kuma in ya yi yawa rodin yakan tsattsage tun wajen murzawa. Maganin yana wurin tsince kaya kafin a zuba. Rodin zamani kuma, irin wanda aka ƙirƙiro hanyarsa a Beljiyam a shekarun 1970, ban-ruwan maƙeri ne da injin: ana fesa masa ruwa na ɗan lokaci yana fitowa da zafi, fatarsa ta taurare, sannan zafin cikinsa ya fito ya sassauta ta. In ruwan ya gaza, rodin ba ƙarfi. In ya zarce, ya karye wajen lanƙwasa. In kuma magini ya gasa shi da wuta don ya ji sauƙin lanƙwasawa, ya warware aikin da aka yi a masana'anta. Duk lokacin da bene ya rufta ana ambaton rodi marar inganci cikin abubuwan da ake zargi. Mai iya yanka guntun rodi, ya goge, ya duba a madubin ƙara girma ya ce ga inda aka kuskure, rayuka yake tsarewa.

Na san abin da ɗalibai ke cewa, kuma ba raini nake yi masa ba. Suna cewa wa zai ɗauke mu aiki, masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo ba su zama abin da aka yi fata ba. Suna cewa kuma yanzu akwai manhajoji irin su Thermo-Calc da ke yin lissafin cikin ƙiftawar ido. Na farkon gaskiya ne rabi. Tukunyar siminti tana aiki a digiri 1,450 da waɗannan ƙa'idoji. Waldar bututun mai, da tsatsar da ke cin sa, da batirin sola, da tace zinariya da kuza, duk tambayoyin nan biyu ne. Na biyun kuwa, manhaja tana amsa abin da aka tambaye ta ne. Za ta gaya maka makoma daidai, amma in ba ka san cewa ƙarfenka ba zai kai wannan makoma cikin daƙiƙa biyar da yake da su ba, za ka karɓi amsa mai kyau ga tambayar da ba taka ba.

Inda nake ganin gyara ya fi sauƙi shi ne aji. Ƙaramin tanderun lantarki mai kaiwa digiri 1,200, da wayar auna zafi, da na'urar gwada tauri, da madubi: kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na motar ofis ɗaya ba, kuma irin abin da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ke iya saye ne. A ba kowane rukunin ɗalibai guntayen sifirin guda biyar, ɗaya ya huce a toka, ɗaya a iska, ɗaya a mai, ɗaya a ruwa, ɗaya a ba shi ruwa a sake ɗumamawa. Su yi hasashe da lissafi tukuna, sannan su auna. Wanda ya ga lissafinsa ya fito a jikin ƙarfe ba zai sake kiran darasin hadda ba. A kawo tamar Itakpe da ta Agbaja aji a maimakon misalan littattafan da aka rubuta don tamar wasu ƙasashe. Sashen ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos ba su da nisa da juna. Ɗalibi bai kamata ya gama digiri bai taɓa tsayawa gaban tanderun Jos ba. Sannan a gayyato Sarkin Maƙera da mutanensa, da girmamawar da ta dace da malamai, su ba ƙarfe ruwa a gaban ɗalibai, ɗalibai su riƙe ma'auni su rubuta zafin da idon dattijo ke karantawa daga launi. Kowane ɓangare zai tashi da abin da bai zo da shi ba. Malam kuma ya yi bayanin da Hausa in ya ga idanu sun yi zuru, sannan ya koma harshen jarrabawa.

An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Ƙarafa ta Tarayya a 2023. Ina roƙonta, duk abin da za ta kashe a kan gine-gine da yarjejeniyoyi, ta ware wani kaso sananne don ɗakunan gwaji na sassan ƙarafa da tallafin ɗaliban da za su yi bincike a kan tamarmu da kwal ɗinmu. Kai kuma ɗalibi da za ka shiga wannan aji a zango mai zuwa, ka zauna a layin gaba. Duk lissafin da aka rubuta a allo, ka tambayi malam a wane zafi ne kuma cikin minti nawa, sannan ranar Asabar ka je maƙerar unguwarku ka gani da idonka.